Yadda ake farfaɗo da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a mayar da shi kan ruwa

A kife na same shi bayan wani tsohon sito, ƙura ta rufe shi, zanzaro ya yi ɗaki a cikinsa, mai wurin yana shirin ba wa masu tuya shi su yi makamashi. Ƙaramin jirgin ruwa ne mai tafiya da iska, irin wanda ake kira Mirror. A Ingila aka tsara shi a 1962, aikin Jack Holt da Barry Bucknell, jaridar Daily Mirror ta ɗauki nauyin yaɗa shi, shi ya sa zanensa, wato yadin da iska ke turawa, ja ne kamar tambarinta. Tsawonsa mita 3.3, gangar jikinsa ba ta kai kilo 50 ba, mutum biyu za su ɗaga shi su ɗora a kan mota. A Legas na koyi tuƙa irinsa shekarun da na yi aiki can, saboda haka da ganinsa na san abin da ke gabana. Wata uku na yi ina aikinsa kafin ya taɓa ruwan dam ɗin Tiga. Da shi zan yi misali, amma abin da zan faɗa ya shafi duk wani ƙaramin jirgi mai zane, na katako ne ko na faiba.

Mu fara shirya sunaye don mu fahimci juna. Zane shi ne yadin da iska ke bugawa, akwai babba a tsakiya, akwai ƙarami a gaba. Jigo shi ne doguwar sandar da ke tsaye tana ɗauke da su. Sandar ƙasa ita ce wadda ke kwance a gindin babban zane, ita ce ke shawagi dama da hagu a daidai kan mutum. Allon tsakiya shi ne falankin da ake zurawa ta wata kafa a tsakiyar jirgi ya nutse cikin ruwa. Allon baya shi ne mai juya jirgi, sandar da ke riƙe da shi kuwa sandar tuƙi. Igiyar da kake ja ko ka sassauta don sarrafa babban zane, ni ragama nake ce mata, domin aikinta da na ragamar doki ɗaya ne.

Gangar jiki tukuna

Ka fitar da jirgin sarari ka wanke shi tas da ruwa da sabulu, ciki da waje. Datti yana ɓoye ɓarna. In ya bushe, ka ɗauki sukundireba ka bi shi taƙi-taƙi kana dannawa da bakinta a hankali. Lafiyayyen katako zai ƙi, ruɓaɓɓe kuwa zai lotsa kamar dafaffen rogo. Ka fi tsananta bincike a wurare huɗu: ƙasan jirgi inda ruwan sama ya taɓa kwanciya, gewayen kafar allon tsakiya, gindin jigo, da bangon baya inda ƙarafan allon baya suke. A ƙasarmu akwai maƙiyin da masu ƙera jirgin ba su yi lissafinsa ba, wato gara. Takan cinye cikin katako ta bar fenti a tsaye kamar ba abin da ya faru. Ka riƙa ƙwanƙwasawa da bayan sukundireba kana saurare. Inda ka ji sauti irin na ƙwarya, nan ta bi.

Duk inda ya ruɓe, yankewa ake yi har a kai ga katako mai rai, a ƙara ɗan yatsa biyu a kan haka. Kar ka ji tausayin ramin da zai fito. Sai ka yanko filawud na ruwa mai kauri daidai da na jirgin, na Mirror kimanin milimita 5 ne, ka cike gurbin, ka sa wani falanki mafi faɗi ta ciki ya tallafe shi. Filawud ɗin da ake yin kabad da shi ba ya aikin nan, damina ɗaya zai ɓare fele-fele. Gam kuwa ifoksi ake so, mai haɗi biyu. Ka bi ma'aunin da aka rubuta a jikin gwangwani daidai, kar ka ƙara maganin daskarewa don ka yi sauri, haɗin zai lalace. Ka dama kaɗan-kaɗan, da sassafe, a inuwa, don zafin rana na iya daskarar da shi a cikin kofi kafin ka shafa rabi. Mirror da wayar tagulla aka ɗinke falankansa, aka bi kowace mahaɗa da tef ɗin faiba. Ka bi tef ɗin nan da farce. Inda ya ɗago ka ɓare shi, ka goge wurin da sanfefa har katako ya fito fes, ka shimfiɗa sabo ka jiƙe shi da gam har farinsa ya ɓace.

Daga nan sai gwajin yoyo. Ka ɗora jirgin kan tsofaffin tayoyi, ka zuba masa ruwa bokiti uku ko huɗu, ka riƙa karkata shi kana leƙen ƙasa, duk inda ɗigo ya fito ka zagaye da alli. Kar ka cika shi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma jirgi an yi shi ne ruwa ya tallafe shi daga waje, in ka loda masa ta ciki a kan tudu sai ka fasa abin da kake gyara.

Abin da na fi damuwa da shi a jirgin duka shi ne akwatunan iska. Su ne rufaffun ɗakunan da ke gaba da baya da gefe biyu, su ke hana jirgi nutsewa in ya kife. Jirgin da ke yoyo a ƙasa kwarfa za ka yi ta yi, wanda akwatunansa ke yoyo kuwa zai tafi ƙasa ya bar ka. Ka shafa ruwan kumfar sabulu a duk mahaɗunsu, ka sa ɗan tiyo a kafar fitar da ruwa ka hura da baki, wani yana dubawa. Inda kumfa ta taso, nan kafa take. Da baki kawai, ban da famfon taya, ƙarfinsa zai fasa akwatin. Ka sauya robar kowane murfi. Ni har gorunan roba marasa komai, rufaffu gam, na cusa a akwatin gaba da na baya, ko da akwatin ya fashe su ba za su sha ruwa ba.

Fenti shi ne na ƙarshe, kuma bai da wani sirri: sanfefa, shafi na fari, sannan shafi biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Ka zaɓi launi mai haske, baƙi yana dafa katako a rana.

Jigo, wayoyi, zane

Wayoyi uku ke riƙe da jigo, ɗaya gaba, biyu gefe. Ka naɗe hannunka da tsumma ka bi kowacce daga sama har ƙasa. In tsumman ya maƙale, sili ya tsinke, wayar ta gama aiki, a sauya ta. Kar ka yi gwajin nan da tsirar hannu. Ka duba ƙarafan da wayoyin ke kamawa a jikin jirgi, ka girgiza su. Wanda ya motsa, a kwance shi a duba katakon da ke ƙarƙashinsa, a mayar da noti marar tsatsa. Haka za ka yi wa ƙarafan allon baya, kuma ka tabbata ɗan makarin da ke hana allon zarewa yana nan, don in jirgi ya kife ba makari, allon baya kan sulale ya tafi.

Zane ka shimfiɗa shi a kan tabarma. Nawa ɓera ya yi masa huda uku, amma ba su ne abin tsoro ba. Rana ce ke kashe zane, kuma zare take fara ci. Ka karci ɗinkin da farce, in ya tsinke kamar na tsohuwar riga to duk layin sai an sake. Masu ɗinkin tamfol a kasuwa suna iyawa, ka dai ce musu ɗinkin zigizaga kake so da zaren roba, kuma kada su ja yadin ya tattare, don tumbin da ke jikin zane da gangan aka yi shi, shi ne ƙarfinsa. Faci ana sa shi ta fuska biyu, a zagaye kusurwoyinsa. Igiyoyin da suka yi tauri ko suke zubar da gari in an murza su, a jefar. Ƙarshen kowace igiya da ke bi ta fuli, wato 'yar ƙafar da igiya ke gudana a kanta, a yi masa ƙulli mai siffar lamba 8, don kada ta zare ta gudu.

Kafin ka je ruwa, ka haɗa jirgin gaba ɗaya a tsakar gida ranar da ba iska: ka kafa jigo, ka ɗaura wayoyi, ka ɗaga zane, ka sauke, ka sake. A Mirror babban zane yana hawa ne da wata sanda ta sama wadda ake ja har ta manne da jigo. In ta yi sako-sako zanen zai yi ta lilo, jirgin ba zai hau iska ba. Duk noti ɗin da ya ɓace gara ka gane a gida da ka gane a bakin dam, inda shago mafi kusa sai an yi tafiya.

Kayan da ba a shiga ruwa sai da su: rigar kariya ga kowane mutum, a jiki, a ɗaure, ko da ya iya iyo kamar kifi, filafili ɗaya, galan da aka yanke don kwarfar ruwa, doguwar igiya a goshin jirgi, usur, wuƙa, ruwan sha, waya cikin leda mai rufi. Galan da filafili da allon tsakiya duk a ɗaure su da siririyar igiya a jikin jirgi. Wanda ya tuna abin da ya faru a dam ɗin Watari a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya, ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi a kan rigar kariya da yawan lodi. Mirror na mutum biyu ne. Na uku ya jira a gaɓa.

Ka gai da masu ruwa

Ruwa da masu shi. Kafin ka sauke jirgi ka nemi izinin hukumar da ke kula da wurin. Tiga, wanda aka kammala a 1974, yana hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, manyan hanyoyin ruwa irin Neja da Binuwai kuwa hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja ke lura da su. Bayan nan ka je ka gai da sarkin ruwa ko dattijon masunta. Ranar farko wani dattijo yana gyaran koma ya bar aikinsa ya zo ya zagaya jirgina sau biyu, ya taɓa zanen, sannan ya nuna mini da haɓa: "Yaro, ka ga inda tsuntsayen can suke tsaye a kan ruwa? Ba a kan ruwa suke ba, kututture ne. Daga nan har bakin dutsen can daji ne a da." Na ce, "Baba, ina ne hanya?" Ya zana mini a ƙasa da tsinke, ya nuna inda suka kafa taru, ya kuma ce in nisanci bakin madatsar inda ruwa ke fita. Tafkuna da yawa da aka yi da madatsa haka suke, bishiyoyin da ruwa ya ci suna nan tsaye a ƙasa, suna matsowa sama in ruwa ya ja baya da bazara. A tafkin Kainji ma kututture na cikin abubuwan da ke fasa jirage, ga dorina ta wajen Yawuri. Masunta ne kaɗai suka san inda waɗannan suke. Ka kuma sa takalmi, ka rage daɗewa tsaye cikin ciyawar bakin ruwa, nan ne ake ɗaukar tsargiya.

Karatun iska

Nan ne aikin yake. Kafin ka taɓa igiya ka tsaya minti goma ka amsa tambaya biyu: daga ina take, kuma ƙarfinta nawa? Ka juya fuskarka har ka ji tana kaɗa kunnuwanka biyu daidai, inda hancinka ya nuna daga nan take. Ka dubi hayaƙin masu gasa kifi, ka dubi ciyawa. Ka ɗaura zaren ulu a wayoyin gefe biyu, su za su riƙa gaya maka in ka shiga ruwa.

Ƙarfinta akwai ma'aunin da wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, kuma da ido ake aiki da shi. Mataki na 2, kilomita 6 zuwa 11 a awa: kana jin ta a fuska, ganye na motsi, ruwa ya yi 'yan ƙananan tattara. Mataki na 3, kilomita 12 zuwa 19: tuta ta miƙe, farin kumfa na ɓullowa jefi-jefi. Mataki na 4, kilomita 20 zuwa 28: ƙura da takardu na tashi, farin kumfa ya yawaita. Mai koyo, da jirgin da aka gama gyara, na 2 da na 3 ne nasu. In ka ga farin kumfa ko'ina, ka zauna ka sha shayi. Dalili kuwa, in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take danna zane da shi ninki huɗu yake yi. Iska na wahalar da mai kayan kara, kai kuwa fiye da murabba'in mita shida na yadi ka ɗaga mata.

Da hunturu iska daga arewa maso gabas take, takan tashi da hantsi ta lafa da yamma, kuma ba ta cika sauya alƙibla ba, shi ya sa na fi son lokacin ga mai koyo. Aibinta hazo, yana iya ɓoye maka gaɓa, don haka kar ka yi nisa, ga ruwan da sanyi. Da damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take, mai laushi. Amma hadari daga gabas yake tasowa, kamar yadda kowane manomi ya sani, ya fi muni a farkon damina da ƙarshenta. Irin wannan hadarin kan yi gudun kilomita 50 a awa, jirginka kuwa da ƙyar ya yi 8. Ba tsere tsakaninku. Da ka ga gabas ta yi baƙi, ko iska ta ɗauke ɗif, ko ka ji wani sanyi ya taɓa wuyanka, ka nufi gaɓa mafi kusa, ba sai wadda ka taso ba. In ka ga walƙiya ka ƙirga har ka ji tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce, kuma ka tuna jigonka ne abu mafi tsawo a kan ruwan. Ka duba hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, kafin ka baro gida, amma idonka ya riƙa komawa gabas.

Sai alaƙar iska da gaɓa. Mafi daɗi ita ce mai bin gaɓa a tsaye, ka fita da ita a gefe ka dawo da ita a gefe. Mai busowa daga ruwa zuwa tudu tana wahalar da fita, amma in wani abu ya lalace gida za ta kawo ka. Mayaudariyar ita ce mai tasowa daga tudu zuwa ruwa: bakin gaɓa lumui kamar faranti, saboda bishiyoyi da tudu sun kare, sai ka yi nisa ka tarar da ainihin ƙarfinta, ga shi kuma tana ƙara tura ka tsakiya. Mai koyo ya bar ta.

Sauka ruwa da tuƙi

Ka tura jirgi ruwa ya kai gwiwa, ka juya goshinsa ya fuskanci iska, abokinka ya riƙe shi ta gaba. A nan ake ɗaga zane, babba sannan ƙarami, ragama a sake gaba ɗaya. Zanen zai yi ta faɗaɗa yana ƙara, ba komai, alamar ba ya ɗauke da ƙarfi ke nan. Ka sa allon baya, ka zura allon tsakiya gwargwadon zurfin wurin, ka shiga, abokinka ya karkata goshin gefe ya hau. In iska na tura ku tudu, ku yi amfani da filafili ku fita zurfi tukuna.

Ka zauna a gefen da iska ke fitowa, zane yana ɗaya gefen, hannun baya a sandar tuƙi, hannun gaba a ragama. Ragamar nan a hannu take zama. Kar ka ɗaure ta, kar ka naɗe ta a hannu, kar ka taka ta, ko da hannunka ya gaji. Ita ce kaɗai hanyar da kake da ita ta zubar da iska cikin ƙiftawar ido, kuma yawancin kifewar da na gani a Legas daga ɗaurarriyar ragama ta fara.

Sandar tuƙi a juye take aiki. In ka tura ta gaba da kai, wajen zane, goshin jirgi zai juya wajen iska. In ka jawo ta jikinka, zai kauce wa iska. Kaɗan ake motsa ta.

Ka fara da iska a gefe, tana bugun kafaɗarka ta baya ko kunnenka, allon tsakiya rabi. Ka ja ragama a hankali har faɗaɗawar ta tsaya, za ka ji jirgi ya ɗauka, ruwa ya fara magana a ƙarƙashinsa. Daidaita zane ke nan a kowane hali: ka sassauta har gefensa na gaba, kusa da jigo, ya fara rawa, sannan ka ja kaɗan har rawar ta tsaya. Masu koyo sun fi yin kuskuren ja da yawa, jirgi ya karkata ya ƙi gudu. In kana son tsayawa, ka saki ragama kawai. Ka zaɓi alama biyu, ka yi ta kai da kawowa tsakaninsu har hannunka ya saba.

Jirgi ba ya tafiya kai tsaye cikin iska. Kusan digiri 45 dama da hagu da inda take fitowa, wurin a rufe yake. Amma yana iya bin gefen wannan wurin, kuma allon tsakiya ne sirrin. Iska na tura zane gefe, allon na turjewa cikin ruwa, sai jirgi ya sulale gaba, kamar yadda ɗan kabewa jiƙaƙƙe ke fita in ka matse shi tsakanin yatsu biyu. Shi ya sa kwale-kwalen da masunta ke kafa wa zanen buhu a ruwan Legas ya fi tafiya inda iska ta nufa: ba shi da allon da zai turje. Don hawa iska, ka zura allon duka, ka ja zanen biyu sosai, ka riƙa matsawa wajen iska har gaban ƙaramin zane ya fara rawa, sai ka ɗan kauce. Tafiyar zigizaga za ka yi. Kullum ka fara fita ta inda iska ke fitowa, don dawowa ta zo da sauƙi lokacin da ka gaji.

Juyawa iri biyu ce. Ta farko, goshi ke ratsa iska, ita ce mai lafiya. Ka tabbata jirgi na da gudu, ka duba bayanka, ka ce wa abokinka "za mu juya", ka tura sandar tuƙi wajen zane ka riƙe ta a haka. Zane zai faɗaɗa, sandar ƙasa ta zo tsakiya, ka sunkuya ka haye ɗaya gefen, ka sauya hannu, ka miƙe sandar tuƙi da zarar zane ya cika. In ka yi sanyin hannu jirgi zai tsaya cak yana kallon iska, ya fara ja da baya. Kar ka ruɗe: ka tura sandar ƙasa da sandar tuƙi gefe guda, ka jira goshin ya karkata, sannan ka jawo su biyun.

Ta biyu, bayan jirgi ke ratsa iska, lokacin da take bayanka. Tafiya da iska a baya tana da daɗi, kamar iskar ma ta ragu, amma nan ne sandar ƙasa ke iya zabura daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfin da zai fasa kai. Ka bar wannan juyi sai ranar iska mai laushi. In za ka yi, ka rage allon tsakiya amma ka tabbata kansa bai kai inda sandar ƙasa za ta buge shi ba, ka ɗan ja ragama, ka jawo sandar tuƙi jikinka, ka sunkuya sosai, ka miƙe sandar tuƙi daidai lokacin da zane ke hayewa. In iska ta yi ƙarfi, ka zagaya ka yi juyin goshi, ko da ya fi tsawo.

Bugun iska ana ganinsa kafin ya iso. Wani baƙin tabo ne ke gudu a kan ruwa daga inda iska take. Da ka hango shi ka sa ƙafafunka ƙarƙashin maɗaurin ƙafa da ke shimfiɗe a cikin jirgi, ka miƙa jikinka waje. Ya iso, ka sassauta ragama taƙi ɗaya ko biyu, ka ɗan tura goshi wajen iska, jirgi ya miƙe, ka sake ja. Jirgin da ke kwance daidai a kan ruwa ya fi gudu kuma ya fi jin tuƙi. In bugun ya yi ta zuwa har ka ga kana sakin ragama fiye da yadda kake ja, ka juya goshi cikin iska ka sauke babban zane, ka koma gaɓa da ƙarami ko da filafili.

In ya kife

Zai kife wata rana, don haka ka kifar da shi da kanka tun ranar farko, a ruwan da ya kai ƙirji, mutane na kallo. Nan ne za ka ga ko akwatunan iska sun riƙe: ka bar shi a kwance minti goma, ka tashe shi, ka buɗe murafu ka duba ko ruwa ya shiga. Ka ɗaura galan marar komai a can ƙarshen sandar sama ta babban zane, zai hana jirgin juyewa gaba ɗaya har jigo ya cake a laka.

In ya faru a zurfi, ka fara kiran abokinka ka ji muryarsa. Wanda zane ya rufe ya ɗaga hannu ya tura yadin sama, ya bi shi har gefe. Kada kowa ya saki jirgi, iska na tafiya da shi fiye da gudun iyonka, kuma kada kowa ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa: ta fi yadda ido ke gani nisa, masu ceto kuma jirgi suke hangowa, kan mutum ba ya ganuwa. Ka tabbata ragama a sake take, ka zagaya ta baya zuwa allon tsakiya, ka kama shi ka rataya nauyinka, ko ka hau ka taka shi kusa da gangar jiki, ka riƙe bakin jirgi ka jingina baya. A hankali zane zai rabu da ruwa, daga nan sai ya taso da sauri. Ɗaya ya riƙe gefe, ɗaya ya hau ta baya, a kwarfe ruwa kafin a ja ragama.

Dawowa gaɓa

Jirgi ba shi da birki, iska ce birkinsa. In iska na bin gaɓa, ka taho da ita a gefe, ka rage gudu da sakin ragama, ka ɗaga allon tsakiya da na baya kafin su taɓa ƙasa, ka juya goshi cikin iska, abokinka ya sauka ya riƙe. In tana tura ka tudu, ka tsaya tun da sauran tazara, ka fuskanci iska, ka sauke babban zane, ka ƙarasa da ƙarami. Kar a ja jirgi a kan tsakuwa, a ɗaga shi.

A gida ka buɗe duk murafun akwatunan iska su sha iska, ka shanya zane a inuwa ya bushe ƙarau kafin ka naɗe, ka sa shi cikin durom ko akwatin ƙarfe mai murfi saboda ɓera. Jirgin a kife shi a kan benci biyu ƙarƙashin rumfa, kada ko'ina nasa ya taɓa ƙasa ko bango, a zuba toka ko baƙin mai a gindin ƙafafun bencin. Duk farkon wata ka leƙa ƙarƙashinsa da tocila ka duba ko gara ta fara gini.